Ta wace hanya mutum ke zama kocin ninkaya da ƙwallon ruwa na ƙasa?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum. Ina da ƙane wanda ya tashi yana iyo a gulbin Rima ta wajen Kwalkwalawa, yanzu kuma ya kammala karatun ilimin motsa jiki, ya ce burinsa ya horar da 'yan ninkaya da 'yan ƙwallon ruwa har matakin ƙasa. Mahaifinmu yana ganin shiririta ce. Masana, ina ake kama bakin zaren?

Malamin Wasanni:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka faɗa masa cewa iyon gulbi daban, na gasa daban, domin a gasa agogo ne alƙali, kuma kuskure wajen juyowa a bango ko tashi kafin a busa yana iya fitar da gwani. Ya nemi kwas na horarwa a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, sannan ya yi haƙuri ya fara da yara, har ya kai wasu Bikin Wasanni na Ƙasa, inda hukumar wasannin ruwa ke ganin aikin kowa.

Ƙwallon ruwa kuwa ta fi wuya. Mutum bakwai ne kowane ɓangare har da gola, ba a taka ƙasan ruwa, kuma in ban da gola ba mai kama ƙwallo da hannu biyu. Ratko Rudic na Kuroshiya sai da ya ci lambar azurfa a matsayin ɗan wasa a Olimfik ta 1980 kafin ya koma horarwa, ya ɗauki zinariya da Yugoslabiya a 1984 da 1988, da Italiya a 1992, da Kuroshiya a 2012. Ka duba tazarar shekarun nan, ka san ba aikin mai gaggawa ba ne.

Basarke:
Malam, da girmamawa, misalinka ya yi mana nisa, tunda Rudic ya tashi ne inda wuraren ninkaya suke birjik. Wanda ya fi kama da yaron nan shi ne Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini, wanda ya koyi iyo a ɗan ƙaramin wurin wanka na otal, bai taɓa shiga mai tsawon mita 50 ba sai a Olimfik ta Sidni a 2000. Shi kaɗai ya yi tseren mita 100 bayan an kori abokan karawarsa biyu, ya ƙarasa da ƙyar cikin minti 1 da daƙiƙa 52, amma a 2012 aka naɗa shi kocin ƙasarsa. Yara masu iya iyo kuma muna da su. Duk wanda ya kalli kabanci a bikin Argungu, inda ake kamun agwagwar ruwa da hannu, ya san haka.

Ɗan Mabera:
Na gode ƙwarai. Zan karanta wa Baba labarin Moussambani bayan isha'i, ko da yake na san tambayarsa ta farko ita ce wa zai biya kuɗin zaman Legas.