Neman shawara: in faɗi gaskiya a istibana ko in ja bakina?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekara ta biyu a wata jami'a a nan Saudiyya. An buɗe mana istibanar ƙarshen zango, wadda ake tambayar ɗalibi yadda malami ya koyar, kuma a wajenmu sai ka cike ta sakamako ke fitowa. Darussa huɗu na wuce su ba gardama, na biyar ne ya tsaya min a wuya.

Duktur ɗin dattijo ne mai ilimi, ba ya fashin aji, ranar da na dawo daga zazzaɓi har ya tsaya ya yi min sannu. Amma jarrabawarsa hadda ce zalla. Yana da muzakkira, wato taƙaitaccen rubutun darasinsa, mai shafi 40 da muke karɓa a shagon kwafi. A jarrabawar tsakiyar zango na amsa da kalmomina, har da misali daga littafin da shi da kansa ya ce a duba, ya ba ni 11 cikin 20. Abokin ɗakina da ya zuba muzakkira har da waƙafi ya samu 19, alhali daren jarrabawar ni na warware masa mas'alar muna shan shayi.

Mu 14 ne a ajin, kuma Larabcina ko makaho ya shafa ya san na ɗan Najeriya ne. In rubuta? Kuma ba zai zama cin naman malami ba?

Wani ɗan'uwa daga Riyad:
Kai ma ka cika neman magana. Danna "na yarda ƙwarai" daga sama har ƙasa ka ga sakamakonka. Karatu kyauta, ga mukafa'a, alawus ɗin ɗalibi, duk wata. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Wani mai karatun majistir (digiri na biyu):
Ɗan'uwa na Riyad, a nan kam ban bi ka ba. Wannan dannawar ce ta sa malamai da yawa ba sa ɗaukar istibana da daraja. Ba don ado aka kawo ta ba, tana cikin abin da hukumar tantance ilimi ta ƙasar nan ke dubawa, kuma sakamakonta na shiga rahoton da ake rubutawa a kan kowane darasi.

Batun giba kuwa, Imamu Nawawi ya kawo wurare 6 da ambaton aibin mutum ya halatta, nasiha na ciki. Balle kai ba majalisa ka zauna ba, masu alhakin gyara ne suka tambaye ka. Ni abin da na fi jin tsoro shi ne mutum ya danna "na yarda" a kan abin da ya san ba haka yake ba.

Sai dai ƙanena, tambayoyin a rarrabe suke. Zuwa aji a kan lokaci, sanin darasi, mu'amala, ka cika masa mudunsa. Hanyar jarrabawa kaɗai za ka rage. Kuma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da kai ka samu 19, za ka kawo mana wannan magana?

Wata 'yar'uwa daga Jidda:
Na taɓa taya malamarmu haɗa fayil ɗin darasi. Abin da na gani alƙaluma ne a dunƙule, babu sunan kowa. Amma akwatin sharhi yana zuwa yadda aka rubuta shi, har da kuskuren nahawu. Don haka yayana, kada ka ambaci 11 cikin 20, kamar ka sa hannu ne. Jumla ɗaya ta isa: ana fatan a sa tambayoyin fahimta tare da na hadda.

Wani tsohon ɗalibi, yanzu yana koyarwa a gida:
Kun manta abu ɗaya. Istibana ba za ta dawo maka da maki ko ɗaya ba. Malamai na da sa'o'in zama a ofis, ka je da ladabi ka roƙi ganin takardarka. Maki 9 ba wasa ba ne a tsarin da 60 ne ci, 90 mumtaz. Kuma kada ka raina hadda. Ta'arifi da nassi ba a yi musu kwaskwarima. Canza kalma ɗaya sai hukunci ya canza. Yanzu da jan biro ke hannuna na gane da yawan masu cewa "na fahimta" kewaye suke yi.

Mai tambaya:
Malam, ka taɓa inda ke min ciwo. Na je ofishinsa yau bayan Azahar, ya zaro takardar daga cikin wani koren fayil. Maki 5 a ta'arifi suka zube, na bar ƙaidi guda, wato sharaɗi ɗaya na ta'arifin, wannan laifina ne. Sauran 4 kuwa ya ja layi ne a ƙarƙashin misalin da na kawo, ya rubuta "ba ya cikin muzakkira". Na nuna masa shafin littafin, ya gyara tabarau ya karanta, ya ce zai duba. Istibanar tana nan ban cike ba, ranar Alhamis ake rufewa.