Muhawara: A bar yaro ya gano da kansa, ko a rubuta masa a allo?

Malamin lissafi, Jega: Assalamu alaikum. Na faɗa a wurin bita, zan maimaita a zauren nan. Wannan koyarwar da ake cewa ka jefa wa yara tambaya su nemo amsa da kansu, ba ta ajinmu ba ce. Darasi minti 40 ne, yara har kan taga. Kafin ka gama raba su rukuni-rukuni an kaɗa ƙararrawa. WAEC kuma amsa take so, ba ruwanta da yadda ka gano.

Malamar kimiyya, Argungu: Wa alaikumus salam. Malam, WAEC ɗin da ka ambata ai tana da jarrabawar gwaji a kimiyya, NECO ma haka. Yaron da bai taɓa riƙe komai da hannunsa ba, a can yake daskarewa. Ni 'yan aji biyu na sa suka zo da zoɓorodo, lemun tsami, kanwa da toka. Na jiƙa zoɓon, na zuba a gindin robobin ruwa da muka yanke. Tambaya ɗaya na rubuta: me zai canja launin nan? Da aka matsa lemu ya ƙara ja. Da aka ɗiga ruwan kanwa sai ya rikiɗe ya doshi kore, ajin ya ɗauki ihu. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malama, to ruwan toka ɗan'uwan kanwa ne, tunda launinsu ɗaya." Ban koya mata ba. Sai bayan nan na ba su sunayen da ke littafi.

Malamin lissafi, Jega: Malama, zoɓo ya yi miki rana. Ni me zan jiƙa a lissafi?

Malamin firamare, Aliero: Zare. Ka ba su faifai, murfin tukunya da gwangwanin madara, su auna kewaye da zare, su raba da faɗin tsakiya. Kowane rukuni zai samu uku da ɗan ɗoriya. Daga nan 22 bisa 7 ɗin da ake lissafin da'ira da shi ba haddar aku ba ce. Irin abin da aka riƙa nuna mana ke nan a horon SMASE, shirin horar da malaman lissafi da kimiyya, wanda Japan ta tallafa: yi da abin da ke hannunka.

Tsohon hedimasta, Yauri: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Malamin Jega bai yi ƙarya ba gaba ɗaya. Na sha leƙa aji na tarar an tara yara gungu-gungu, malami na bakin ƙofa yana latsa waya, wai suna bincike. Mai ƙoƙari ɗaya ke rubutu, saura na hira. Kuma yaron da bai iya lissafin rabawa ba, zaren me zai amfana masa? Abin da Malama ta yi ya yi kyau ne don ita ta zaɓi tambayar, ta zagaya, ta kuma ɗaure zancen a ƙarshe. Wannan ya fi rubuta darasi a allo wahala nesa ba kusa ba.

Malamar kimiyya, Argungu: Gaskiya ne, Baba. Ba kullum nake yi ba, kuma nakan haɗa darasi biyu a jere. Ina barin su yi gardamar da Hausa tukuna, don in ka ce sai da Turanci, shiru za ka ji.

Malamin lissafi, Jega: To manhajar fa? Mai duba makarantu in ya zo, inda ka kai yake dubawa, ba abin da yara suka fahimta ba.

Malamin firamare, Aliero: Wannan kam matsala ce, ban da amsarta.

Malamin lissafi, Jega: Zan gwada na zaren da 'yan aji ɗaya. Amma Baba, in zango ya ƙare ban gama manhaja ba, ku za ku tsaya mini.

Tsohon hedimasta, Yauri: Ka fara tabbatar sun iya rabawa. Kuma kada rukuni ya wuce yara shida, kowa da aikinsa.