Abin da aka tsayar a majalisa kan wayarin ɗin gida

Bayan la'asar a majalisarmu ta Tudun Wada, hira ta koma kan wayarin, don soket ɗin wani maƙwabcinmu ya ƙone cikin dare. Mai gyaran wuta da ke cikinmu shi ya ja maganar.

Ya dage sosai kan kaurin waya. Ta fitilu milimita 1.5, ta soket 2.5, ta hita da na'urar sanyaya ɗaki kuwa 4 ko fiye, kowacce da layinta daban. In ka je saye a kasuwar Sabon Gari, ka kankare bakin wayar. In ka ga cikinta fari, alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka bar ta. Wannan ya fi damuna, domin yawancinmu arha muke bi.

Mai janareta ya sa canjoba, wato makunnin da ke raba wutar janareta da ta layi, kada wutarsa ta koma layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya. Kafin ka taɓa komai, kashe babban makunni, ka gwada da testa, abin gwada ko akwai wuta a waya. Wayar ƙasa, mai kore da ruwan ɗorawa, wadda ke kai wutar da ta zille cikin ƙasa, ba a tsallake ta.