Me za mu kira "hot dog" da Hausa?

1/ Jama'a, ku zo mu yanke wa kalmar nan hukunci. Masu shawarma a Kano da Kaduna sun riga sun sa ta a bakin yara, in kuma muka yi sake, fassarar na'ura ce za ta zauna daram: "kare mai zafi". Wa zai sayi abu mai wannan suna ya kai wa mahaifiyarsa?

2/ Mu fara sanin abin tukuna. Nama ake niƙawa lukui, a sa gishiri da tafarnuwa da kayan yaji, a ɗura a hanji ko a wata 'yar fata da ake ɓarewa daga baya, a dafa, a turara da hayaƙi. Sai a tsaga dogon burodi mai laushi a kwantar da shi a ciki, a barbaɗa albasa. Jamusawa 'yan ci-rani ne suka kai shi Amurka, shi ya sa har yau ake ce masa frankfurter, daga birnin Frankfurt.

3/ A Coney Island ta New York ya yi suna. Wani Bajamushe, Charles Feltman, yana da katafaren gidan abinci a can, yana sayar da shi senti 10. A 1916 wani ma'aikacin gidan, Nathan Handwerker, ɗan ci-rani daga Poland, ya ɓalle ya buɗe ɗan teburinsa, ya karya farashi zuwa senti 5. Teburin nan shi ne Nathan's Famous, inda ake gasar ci duk ranar 4 ga Yuli. A 2021 Joey Chestnut ya lanƙwame 76 cikin minti 10. Abincin talaka ne, na leburori da 'yan kallon wasa, shi ya sa dattijon Ba'amurke in ya tuna shi sai ya tuna ƙuruciyarsa. Amma a 1939 Shugaba Roosevelt bai ji kunyar ba Sarki George VI na Ingila shi ba.

4/ Karen fa? Tun ƙarni na 19 ake zolayar mahauta da zargin cusa naman kare a cikin hanjin, sunan ya bi abin. Ba mu kaɗai yake damu ba: a 2016 hukumar halal ta Malesiya ta nemi kamfanin kayan ciye-ciye na Amurka Auntie Anne's ya cire "dog" daga sunan wani abincinsa.

5/ Na ga masu cewa "tsiran alade". Malam, wannan ita ce mafi haɗari. Na Nathan's da na kamfanin Vienna Beef na Chicago da na kamfanin Hebrew National duk naman shanu ne zalla, na wajenmu kuma galibi kaza ce ko shanu. Sunan zai haramta halal, ya kashe wa mai shago kasuwa.

"Tsiren Bature" ya fi daɗin faɗa, sai dai tsire yankakken nama ne a tsinke da ƙuli-ƙuli, ba niƙaƙƙe ba. Wanda ya yi oda zai ce an yaudare shi. Aro kai-tsaye, "hodog", ba laifi ba ne, haka muka samu biskit da burodi, amma karen yana nan a ɓoye ga duk wanda ya ji Turanci.

6/ Ni na tsaya a kan "burodin sosej". Sosej kalma ce da masu shawarma da abokan cinikinsu suka saba da ita, kuma ta raba abu biyu da muke cakuɗawa: naman shi kaɗai sosej, in ya shiga burodi ya zama burodin sosej. Abin da ya fi burge ni, tana barin gurbin da Musulmi ke buƙata: burodin sosej na shanu, na kaza, ko na alade ga wanda ke ƙasar waje yana duba kwali.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku da kuka taso da Faransanci, "sosis" kuke cewa? In haka ne ku faɗa, mu ga wanne zai fi zama a allon mai shago.