Amosanin gaɓɓai ya kwantar da Ummanmu, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya, Makka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya kulle. Mahaifiyata ce, shekarunta 58, muna zaune a Shara Mansur. Tun bayan rasuwar Abbanmu yatsunta da wuyan hannayenta duka biyun suke kumbura. Da asuba a sanƙare suke tashi, ko butar alwala ba ta iya riƙewa sai rana ta ɗaga. Yayyena maza suna Jidda, ƙanwata tana aure a Kano, komai a kaina yake, ga mu a hawa na uku, ga yarana ƙanana. An auna jininta, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓa, ya rubuta methotrexate ƙwaya shida a sati da prednisolone. An fi wata babu sauƙi. Yanzu kuma bakinta duk ya yi gyambo, kunu ma da ƙyar take haɗiyewa. Shekaranjiya na dakatar da magungunan duka, na koma ba ta Voltaren, maganin rage ciwo. Gwaggo ta ce a kai ta ƙaho. Wanne zan kama?

Ma'aikaciyar jinya, Jidda:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Umma lafiya. Amsa mini abu uku. Ƙwaya shidan nan yaya kike ba ta su? An haɗa mata da folic acid? An sake auna jini tun da ta fara?

Mai tambaya:
Anti, cikin Umma ba ya ɗaukar magani da yawa, shi ya sa nake ba ta ɗaya kullum, ran Juma'a ta huta. Ai lissafin ɗaya ne. Folic ɗin akwai, amma na ga na masu ciki ne. Jini kuwa ba mu koma ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Lissafin ba ɗaya ba ne, kuma nan ne matsalar take. Methotrexate sau ɗaya ake sha a sati, rana guda tsayayya. Ƙwaya shida masu miligiram 2.5 kowace sun zama miligiram 15, a ranar za a shanye. In ana sha kullum jiki ba ya samun kwanakin farfaɗowa, sai maganin ya taɓa fatar cikin baki da hanji da ɓargo, wurin da ake ƙera jini. Gyambon bakin nan gargaɗi ne. Yau ɗin nan ki kai ta sashen gaggawa, ki tafi da kwalayen, ki faɗa musu yadda ta sha ba ragi. Za su ƙirga ƙwayoyin jini, su duba hanta da ƙoda, kuma akwai makarinsa a asibiti, folinic acid. In akwai zazzaɓi, ko jini a dasashi, ko busasshen tari da numfashi sama-sama, kada ki jira kowa.

Folic acid ɗin shi ke rage gyambon baki da tashin zuciya, galibi miligiram 5 a sati, a ranar da ba ta methotrexate ba. Prednisolone kuma ba a yanke shi kwatsam bayan makonni ana sha, jini zai iya faɗuwa, likita ne ke ragewa sannu a hankali. Ki gaya musu ranar da kika tsayar. Voltaren ki ajiye shi. Mace ba ta ci ba ta sha ga zafin Makka, ƙoda zai daka, kuma ta ƙodar ce methotrexate ke fita.

Wani dattijo, Madina:
Yarinya, ki bi maganar gwaggonki. Ƙaho sunna ne, a yi ran 17 ko 19 ko 21 ga wata, a haɗa da man habbatus sauda da zaitun ana murzawa da ɗumi. Kuma ki kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a ɗakinta, sanyi ne tushen ciwon nan.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba, ba a ja da sunna. Amma wadda ba a san adadin ƙwayoyin jininta ba, ba a tsaga mata fata, jinin zai iya ƙin tsayawa, raunin ya yi ruwa. Sanyi yana tsananta ciwon, ba shi ya kawo shi ba. Murza mai babu laifi, banda kan gaɓar da ta kumbura ta yi zafi.

Wata uwa, Makka:
Faɗa da sauƙi, a koma asibiti. Likitan gaɓɓai sai an ba ka mau'idi, wato ranar ganinsa, na watanni, ta'amin kuma, wato inshorar lafiya, yau su amince gobe su ƙi. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ma ko ƙofar ba ya so ya tunkara. Su maza suna Jidda, waya kawai. Kullum 'ya mace ce ke ɗauka.

Mai gashin ƙashi da motsa jiki, Riyad:
Ga abin da za ki iya a gida bayan an duba ta. Da asuba ta tsoma hannu a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, ki gwada da gwiwar hannunki tukuna, sannan ta buɗe yatsu ta rufe a hankali cikin ruwan. Gaɓar da ta yi zafi ta kumbura kuwa ƙanƙara take so, a naɗe a tawul, kada ta wuce minti 15. Ki naɗe mariƙin cokali da soso ya yi kauri, kofi ta ɗauka da hannu biyu. Kada ki sa mata matashi ƙarƙashin gwiwa in ta kwanta, gwiwar lanƙwashewa take ta ƙi miƙewa. Salla a kan kujera, banɗaki na zama. Kwanciya wuni guda kuma ƙara sanƙarar da ita take.

Dattijon Madina:
Ƙanƙara a kan mai sanyin ƙashi? Wannan kam ban yarda ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙanwata, ki riƙe wannan: methotrexate yana ɗaukar sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, wata guda bai isa a ce ya gaza ba. Ana auna jini duk sati biyu zuwa huɗu da farko, daga baya duk wata biyu ko uku. Kuma har abada kada a haɗa shi da Septrin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, haɗin yana durƙusar da ɓargo. In ya ƙi karɓarta akwai sulfasalazine, akwai allurai irin su adalimumab, amma sai an duba tarin fuka da ciwon hanta. Barin ciwon ba magani shi ke karkatar da yatsu, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Kin fita?

Mai tambaya:
Na gode Anti, amma ku ba ku ga Umma ba. Ni na san yadda take amai in ta sha magani da yawa, ba da ganganci na raba ba, kuma babu wanda ya yi mini bayani. Tun da na tsayar ma kamar ta fi walwala. Saukowa da ita daga hawa na uku sai da namiji, Yaya kuma ya ce sai Alhamis zai shigo.

Ma'aikaciyar jinya:
Alhamis ta yi nisa. Ki kira 937, layin ma'aikatar lafiya, yanzu ki faɗa musu, ko 997, layin agajin gaggawa, su turo mota, su za su sauko da ita. Jikinta da zafi?

Mai tambaya:
Da ɗan ɗumi dai, amma na ba ta Panadol. Bari in sake kiran Yaya in ji.