Biyayyar magoya baya ce ke hana Tottenham gyaruwa?

Malam Habu: Batun da aka kawo shi ne, kulob irin Tottenham ba ya gyaruwa saboda magoya bayansa ba sa juya masa baya. Ni na yarda. Rabonsa da kofin lig tun 1961, amma filin da aka buɗe a 2019, mai cin mutum sama da 62,000, kusan kullum cike yake. Kuɗin tikiti da cinikin ranar wasa sun haura fam miliyan 100 a kaka, albashi kuwa akwai shekarun da bai kai rabin abin da ke shigowa ba. Mai kulob da ke kallon wannan lissafi, me zai sa ya yi kasada?

Sadiya: Malam, lissafinka daidai ne, amma ba a nan ciwon yake ba. A kakar 2016/17 sun haɗa maki 86, suka zo na biyu bayan Chelsea. Lokacin ƙara ƙarfi ke nan. Sai aka sayar da ɗan baya Walker a 2017, a bazarar 2018 ba a sayi ɗan wasa ko ɗaya ba, haka ma a Janairun 2019, ga ɗan tsakiya Dembélé ya tafi ba a maye gurbinsa ba. Kuɗin ya shige ginin fili, kusan fam biliyan 1. Da gajiyayyun 'yan wasa aka kai wasan ƙarshe na gasar Zakarun Turai, Liverpool ta ci 2-0, a Nuwamban 2019 aka kori koci Pochettino. Da an ƙaurace wa fili a lokacin, bashin ne zai ƙara nauyi, ba ɗan tsakiya za a samu ba.

Bala: Anti Sadiya, matsin lamba yana aiki fa. A Fabrairun 2016 magoya bayan Liverpool suka fice daga Anfield a minti na 77 saboda tikitin fam 77, cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye farashin. Haka gasar Super League, wadda wasu manyan kulob na Turai suka so kafa wa kansu, ta ruguje a 2021 bayan boren magoya baya.

Sadiya: Ƙanina, su wa suka fice? Masu tikitin kaka ne, waɗanda mako mai zuwa za su dawo. Wanda ya koma wani kulob ba a jin muryarsa. Kuma bore yana cin nasara ne a kan shawara guda, a soke ko a bari. Ba ya zaɓar maka ɗan baya.

Alhaji Garba: Ku dubi kakar 2024/25. Koci Postecoglou yana tura 'yan baya har kusa da tsakiyar fili, tsarin da ya rataya a kan gudun ɗan baya Van de Ven. Da ya samu rauni a cinya, ɗan baya Romero ma ya kwanta, mai tsaron gida Vicario ya karye a idon sawu, sai Archie Gray, ɗan tsakiya mai shekara 18, ya koma tsare baya. An sha kashi sau 22, an ƙare na 17. Kuma a kakar ce aka doke Manchester United 1-0 a Bilbao, aka ɗau kofin Europa, kofi na farko da kulob ɗin ya ci tun 2008. Matsalar ƙarancin 'yan canji ce da yawan sauya koci. Mourinho, Nuno, Conte, Postecoglou, kowa da salonsa, kowa ya gaji 'yan wasan da aka saya wa wani.

Malam Habu: Alhaji, ai ka ƙarfafa maganata. Wa ya ɗauko kociyoyin nan huɗu? Shugabanci ɗaya ne, kuma ya daɗe haka don kujeru ba su taɓa zama fayau ba. Daniel Levy ya hau shugabancin kulob ɗin a 2001, bai sauka ba sai Satumban 2025, bayan an yi ta zanga-zanga a kansa.

Sadiya: Masu zanga-zangar da rigar kulob suka fito, Malam. Kuma har ranar da Levy ya sauka, kamfanin ENIC ne ke riƙe da mafi yawan hannun jari. A can ake yanke nawa za a kashe kan albashi.