Ina da takardar zama amma aikin ofis ya ƙi samuwa, ta ina ake shiga?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka riga mu zuwa nake nema. Ni da maigidana mun shigo Kanada bara da takardar zama ta dindindin, muna lardin Ontariyo. Kafin mu taso aikin ofis nake yi, a sashen kula da ma'aikata na wata ma'aikatar gwamnati: fayil, lissafin albashi, hutun shekara, takardun ƙarin girma. Digirina na harkar mulki ne, WES, masu tantance takardun karatu na ƙasashen waje, sun tantance shi tun lokacin neman biza, suka ce daidai yake da digirin farko na nan.

Yanzu a sito na wani kamfani nake, ina tsaye daga safe zuwa la'asar ina cika kwalaye. Ba raina aikin nake ba, shi ke biyan haya. Tsorona kawai kar in daɗe a ciki har abin da na iya ya kuɓuce min.

Takardun neman aiki kuwa na aika har na gaji, shiru kake ji. Inda aka kira ni a waya, da an ji ban taɓa aikin ofis a ƙasar nan ba sai murya ta canza. Wata maƙwabciyata ta ce in cire rai da aikin gwamnati sai na samu fasfon ƙasar. Gaskiya ne? Kuma idan kowa so yake sai wanda ya taɓa aiki a nan, na farkon wa zai ba ka? Ko makaranta zan koma?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Maƙwabciyarki tsohon labari ta ba ki. Da can dokar ɗaukar ma'aikatan tarayya tana fifita ɗan ƙasa, mai takardar zama sai an rasa ɗan ƙasar da ya cancanta sannan a waiwaye shi. A 2021 aka gyara dokar, yanzu idan an tallata gurbi ga jama'a matsayinku ɗaya da mai fasfo. Saboda haka ki buɗe asusu a GC Jobs, shafin neman aikin gwamnatin tarayya, ba tare da fargaba ba.

Sai dai bari in faɗa miki inda mutanenmu ke faɗuwa, don ni ma na zauna a kwamitin tantance masu nema. Tallar tarayya tana zuwa da tambayoyin tacewa, kamar: kina da gogewa wajen sarrafa bayanan ma'aikata? Mutum sai ya rubuta "eh, duba CV ɗina". Shi ke nan an jefar da shi. Kwamiti ba ya da izinin yi miki zato. Abin da ba ki rubuta a cikin akwatin amsar ba, a wurinsu ba ki taɓa yin sa ba. Ki rubuta wace ma'aikata, daga wace shekara zuwa wace, fayil ɗin mutum nawa ke hannunki, da wace manhaja, me kika yi da hannunki. Ki maimaita kalmomin tallar yadda suke, kar ki ji kunyar tsawaitawa. Kuma ki lura, tambayar ba ta ce a Kanada ba. Aikin da kika yi a can gogewa ce, ana ƙirga ta.

Abu na biyu binciken tsaro. Mafi ƙanƙantarsa yana buƙatar tarihin shekara 5 da za a iya tabbatarwa, na sirri kuma shekara 10. Tunda bara kika zo, sauran shekarun suna waje, don haka za a iya neman takardar 'yan sanda ta ƙasar da kika zauna, kuma abin yana jan lokaci. Ki tanadi adireshin duk gidan da kika zauna da ranakunsu tun yanzu. Na uku Faransanci. Guraben Ottawa, babban birnin ƙasar, da yawa suna son harsuna biyu, za ki ga an rubuta BBB ko CBC, wato matakin karatu da rubutu da magana. Ki tace bincikenki zuwa waɗanda Turanci kaɗai ya isa.

Duk da haka, in da ni ne ba zan zuba ido ga tarayya kaɗai ba. Tana iya cin watanni, wani lokaci ta haura shekara, a ƙarshe a ce kin ci amma an saka ki a jerin jira. Mu idan aka ce gwamnati, ta tsakiya kawai muke hange. Alhali akwai ta lardi, akwai hukumar birni, hukumomin makarantu, asibitoci, kwalejoji, ɗakunan karatu. Dukansu suna da sashen ma'aikata da na albashi, da yawansu da fansho mai kyau da ƙungiyar ƙwadago. Kuma kar ki tsallake tallar da aka ce ta wata 6 ce ko ta riƙon wadda ta tafi hutun haihuwa. Wanda ya daɗe a ƙasa ba ya son barin aikinsa saboda kwantiragi, shi ya sa masu neman suke raguwa. Da kin shiga, a wurare da dama kina iya neman guraben da ba a tallata wa na waje. Ni ta kamfanin samar da ma'aikatan wucin gadi na fara, shigar da bayanai a kwamfuta, aikin da yaron sakandare zai iya. Abin da na fita da shi daga can shi ne shugaba guda da zai ɗaga waya ya ce ya san aikina.

Ki kuma je cibiyar taimaka wa sababbin zuwa da ke kusa da ke. Gwamnati ke biyansu, kyauta ne ga mai takardar zama. Ki tambaye su ko shirin FIN yana nan har yanzu, na tarayya ne, an yi shi ne don ba sababbin zuwa aikin wucin gadi a ma'aikatu.

Hajiya Mai Fayil:

'Yar uwa, ni a Ingila nake, amma ciwon iri ɗaya ne. A nan ɗan ƙasar Commonwealth mai izinin aiki yana iya neman yawancin guraben gwamnati, ban da waɗanda aka keɓe wa 'yan ƙasa. Ni ta asibitin gwamnati na NHS na shiga, ina tsara wa marasa lafiya ranar ganin likita, daga baya na tsallaka ma'aikata.

Abin da Malam Akawu ya faɗa kan rubutu haka yake. Ƙarin da zan yi kan intabiyu ne. Mu an tarbiyyantar da mu kar mu yabi kanmu, sai a tambaye ki yadda kika warware wata matsala ki ce ai mun haɗa kai ne aka yi, da taimakon Allah da na oga. Gaskiya kika faɗa, amma mai ba da maki bai ga abin da zai rubuta ba. Tun 2018 tsarin da ma'aikatun nan ke bi yakan nemi misali guda a cikin kalma 250: halin da aka shiga, abin da aka ɗora miki, matakin da kika ɗauka ke da kanki, da abin da ya biyo baya. Ki zauna ki tuno labarai biyar ko shida daga tsohon ofishinki, ranar da albashi ya rikice, ranar da fayil ya ɓace, ma'aikacin da ya shigo yana faɗa. Ki riƙa faɗarsu da baki har su zauna.

Sannan ki duba CV ɗinki. In akwai hoto, ranar haihuwa, addini, aure ko yawan 'ya'ya, cire su duka. Shafi biyu ya isa.

Ɗan Ci-rani:

Ku dai kun ji daɗi. A Amurka, tun umarnin da shugaba Ford ya sa wa hannu a 1976, kusan duk aikin tarayya sai ɗan ƙasa. Mai katin zama sai dai gidan waya, ko jiha, ko birni.

Amma Maman Ilham, da girmamawa ga Malam Akawu, ni ban ga dalilin maƙale wa gwamnati ba. Tunda kin iya lissafin albashi, kowane kamfani yana buƙatarsa duk sati biyu. Abin da suke tsoro shi ne ba ki san harajin nan da abin da ake cirewa na fansho da inshorar rashin aiki ba, kuma tsoron nasu yana da hujja. Kar ki ci bashi ki sake wani digiri. Gajeren kwas kan albashin ƙasar, ki ƙara da Excel sosai, ya fi miki.

Maman Ilham:

Allah ya saka muku da alheri. Malam, maganar mai ɗaga waya ce ta tsaya min. Tsofaffin shugabannina suna can, ga bambancin lokaci, wani ma ya yi ritaya. Shugabana na sito zai iya tsaya min alhali ba aikin ofis ya ga ina yi ba?

Tsohon Akawu:

Zai iya, kuma ki saka shi. Abin da ake tambayarsa ba ya wuce ko kina zuwa a kan lokaci, ko ana iya barin ki da aiki, ya zamanki da mutane. Ki nemi izininsa tukuna. In da hali ki roƙe shi ya ba ki wani abu na rubutu ko ƙirgar kaya a kwamfuta, ko da awa ɗaya ce a rana, don ki samu layin ofis a CV. Na can kuma ki karɓi adireshin imel ɗinsu, ma'aikatu da yawa suna yarda a aika musu tambayoyi a rubuce.

Shawarar Ɗan Ci-rani ba ta ci karo da tawa ba. National Payroll Institute ce ke ba da shaidar albashi da aka sani a nan, ana karatunta ta intanet da yamma, kuma hukumar birni ma tana ganin ƙimarta.

Game da masu canza murya a waya: tun 2013 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ontariyo ta ce gindaya sharaɗin sai wanda ya yi aiki a Kanada wariya ce, sai a 'yan wurare ƙalilan. Daga 1 ga Janairun 2026 kuma doka ta hana mai ma'aikata 25 ko fiye rubuta shi a tallar aiki. Wannan ba zai hana wani riƙe shi a zuci ba. Idan an sake tambayarki, kar ki tsaya a kan a'a. Ki ce kina aiki a wani kamfani a nan tun bara, ga lambar shugabanki, sannan ki shiga bayanin shekarun da kika yi a sashen ma'aikata.